UNGULU BA TA JEWAR BANZA: INA MA'AIKATAN KARAR PARAKU DA JUGU SUKA SHIGA?

 Bisa al'ada wannan shafi maganar farashi yakan yi, da kuɗin mota, da wahalar takardu a bakin iyaka. To, yau za mu ɗan ratse, mu yi maganar waɗansu ma'aikata namu waɗanda ba su taɓa karɓar la'ada ba, ba su taɓa zuwa taron ƙungiya ba, amma tun zamanin kakanninmu suke yi wa sana'ar nan aiki. Watau ungulu da carki da balbela. Wani zai ce, Alhaji, me ya haɗa falke da tsuntsu? A yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci.

Duk wanda ya kai shekara 50 a cikinmu ya san yadda kwata take a da. Daga Gaya zuwa Malanbil, Kandi, Paraku, har Jugu wadda tsofaffinmu ke kira Zugu, ba mayankar da za ka je da hantsi ba ka tarar da ungulu jere bisa katanga da rufin kwano ba, waɗansu a ƙasa suna ratsa ƙafafun mahauta kamar kajin gida. Sai an sa yaro da sanda yana kora kafin a shanya kirgi. Baƙo in ya sauka a gari bai san inda mayanka take ba, sama yakan duba, inda ya ga suna jewa nan zai dosa. Yau fa? Mutum ya yi wunin kasuwa guda a karar Turu da ke bakin Paraku, ko a Kolokonde ta ƙasar Jugu, ya ɗaga kai ya duba. Shirwa zai gani da hankaka. Ungulu kuwa, in ya ga ɗaya ko biyu to ya taki sa'a. Akwai yaranmu 'yan shekara 15 da ke bin mu kasuwa waɗanda a karin magana kaɗai suka san ta.

AIKIN DA TAKE YI MANA KYAUTA

Sana'armu ba ta rabuwa da mushe. Tirela ta yi lodi daga arewa, kafin a kai Kwatano ko Ikko wata saniya ta faɗi 'yan'uwanta sun tattake ta. 'Yan kora sun ratsa daji, wani ɗan bijimi ya ci abin da bai karɓe shi ba. Abin da akan yi shi ne a jawo gefen hanya a bari. A da, kafin ƙurar mota ta kwanta manyan ungulayen daji waɗanda muke kira maiki sun fara sauka, in kuwa sun yi yawa, kafin sa'a guda sai ƙashi da fata. Ita kuma ƙaramar ungulun gari mai jan wuya, tata ita ce kwata: tumbi da jini da guntattakin da aka zubar, duk takan share kafin rana ta sa su wari.

Allah ya yi wa cikin ungulu wani ruwa mai tsananin ƙarfi wanda ke ƙone yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Cuta in ta shiga cikinta, galibi nan ce maƙurarta. Kare da kura da dila ba haka suke ba. Su sukan ja nama su watsa, su sha ruwa a mashayar shanu, karen ma ya dawo ruga ya kwanta tsakanin maruƙa da yara. A ƙasar Kenya an gwada abin, aka buga sakamakon a 2012: inda ungulu ba ta sauka ba, mushe ya daɗe kusan ninki 3 kafin ya ƙare, dabbobin da ke taruwa a kansa su ma suka ninka 3. Mun kuwa san inda dabbobi suke cuɗanya a kan ƙazanta, nan cuta take samun hanya.

Sai dai a nan akwai gargaɗi guda. Ciwon saifa ba a barin wa ungulu shi. Mun ji yadda ya ɓulla a arewacin Gana a watan Yuni na 2023, ya kuma ɓulla kusa da Suleja a watan Yuli. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta, kada a sayar wa mahauci ko da rabin kuɗi ne. A kira malamin dabbobi, a binne da zurfi ko a ƙone.

ABIN DA YA SAMI INDIYA

Wanda yake ganin rashin ungulu ƙaramin abu ne, ya saurari labarin Indiya, ƙasar da ta fi mu shanu nesa ba kusa ba. Can ungulu miliyoyi ne, su ke share musan shanun ƙasar. A cikin shekarun 1990 masu shanu suka fara yi wa dabbobinsu allurar kashe ciwo mai araha da ake kira diclofenac. Maganin yana yi wa saniya aiki, amma in ta mutu da shi a jikinta ungulu ta ci, ƙodarta takan lalace, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Kafin a gano sanadin a 2004, fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayen ƙasar sun tafi. Indiya da Pakistan da Nepal suka hana yi wa dabbobi wannan magani a 2006, aka koma ga wani mai suna meloxicam wanda ba ya cutar da tsuntsu.

To, me ya biyo baya? Mushe ya cika bayan gari yana ruɓewa, ruwa ya gurɓace, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Waɗansu masana tattalin arziki guda biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun yi lissafi suka buga a 2024, inda suka kimanta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Jama'a, mutane fa, ba shanu ba. Shi kuwa wannan magani, a kowane kantin magani na ƙasashenmu ana sayar da na mutane, kuma mun san yadda makiyayi kan sayi abin da ya samu a kasuwa ya soka wa saniyarsa ba tare da tambayar kowa ba.

WANDA YA BI HANYA YANA ƘIDAYA

Abin da idonmu ya gani a kwata, masu bincike sun tabbatar da shi da alƙalami. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar a mota tsakanin 1969 da 1973 yana ƙidayar duk tsuntsu mai cin nama da ya gani. Bayan shekara 30, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan dai, a irin lokacin nan dai. Sai ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandayen dajin gwamnati, ƙaramar ta gari kuma ta ragu da kusan rabi. Wannan fa lissafin sama da shekara 20 da suka wuce ke nan. A watan Oktoba na 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke shirin ƙarewa, watau IUCN, ta sa irin ungulu 4 na Afirka a jerin mafi haɗari, har da ita ta kwatarmu. Daga wannan mataki sai ƙarewa.

Dalilin da ya sa ba ta farfaɗowa da wuri, mu muka fi kowa saurin gane shi. Ungulu ƙwai 1 tak take yi a shekara, da rani, a saman dogon itace irin su ɗorawa da tsamiya da gawo da maɗaci. Takan yi kwanci wajen kwana 50, ɗan kuma ya yi wata 3 zuwa 4 kafin ya iya tashi, sa'an nan ya yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Ashe ba kamar zabo take ba mai ƙwai cike da ƙwarya, kamar saniya take. Wanda ya kwashe shanun haihuwa daga garke ya kai wa mahauta, ya san shekarun da zai yi kafin garken ya dawo, in ma zai dawo.

GUBA DA KASUWA

Wani bincike da ya tattara labarin ƙasashen Afirka da yawa, aka buga a 2016, ya nuna cewa a cikin kowace ungulu 10 da aka san abin da ya kashe ta, 6 guba ce, 3 kuma fataucin sassan jikinta ne. Duka biyun a kan hanyarmu suke.

Maganar guba ga yadda take. Kura ta kama maraƙi, ko karnuka sun addabi ruga, mai shanu cikin ɓacin rai ya sayo gubar gona irin su Furadan ya barbaɗa a ragowar naman. Kurar mai yiwuwa ba za ta dawo ba. Wadda za ta fara sauka da safe ita ce ungulu, kuma ba ita kaɗai take zuwa ba, ɗaya ta sauka sauran da ke jewa nesa duk sun gani. A Botswana a 2019 mushen giwa 3 da aka sa wa guba ya kashe ungulu 537. Bayan wannan, ruwan sama ya wanke gubar zuwa tafki, shanunmu su sha, mu sayo, mahauci ya yanka, iyalinmu su ci.

Ta biyun ta fi muni, don da gangan ake yi. A Gine Bisau, tsakanin Satumba na 2019 da Maris na 2020, wajen garuruwan Bafata da Gabu, an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba, da yawa an same su ba kai. Kawunan kasuwa aka nufa da su. Masu binciken da suka zaga kasuwanni 67 a ƙasashe 12 sun ce kusan kashi 3 cikin 4 na wannan haja a Nijeriya suka gan ta, kashi 1 cikin 5 kuma a Benin. Wani binciken da ya fito a 2025 ya ƙidaya ungulu sama da 500, busassu da masu rai da kawuna, cikin wata 4 kawai a kasuwanni 9 na kudancin Benin, masu sayarwa kuma suka ce daga ƙasashe aƙalla 10 ake kawo musu. Ma'ana, ta gida ta yi ƙaranci, sai an shigo da ita daga waje. Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan tsafi a Dantokpa ko Bohikon ya ga abin da idonsa. Kuma gaskiya ɗaya ce, a cikin masu shimfiɗar magani da ke wannan ciniki akwai masu jin Hausa.

Wai kan ungulu yana kawo sa'ar kasuwa, da cin caca, da cin zaɓe, da ganin abin da ke ɓoye. Mu dai abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne gaibu Allah kaɗai ya san shi, arziki kuma shi ke rabawa. In da kan ungulu yana ba da dukiya, ai da ita mai kan ba ta wuni a kwata tana jiran tumbi ba. Wanda ya ba da kuɗin tunkiya ya sayi busasshen kai, shi ne ainihin wanda aka yi wa ungulu da kan zabo.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne hanya. Tun zamanin fataucin goro, ayarin Kano da Katsina masu zuwa Gwanja ta Nikki da Jugu suke bi, shi ya sa har yau akwai zango da unguwar Wangara a can. Yanzu ma hanyar Nijar ta Malanbil a Paraku take sauka, ta Burkina kuma ta Tangiyeta da Natitingu a Jugu take sauka. Kayan da zai tafi kudu daga waɗannan ƙasashe, da wuya bai ratsa ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu ba. Mai irin wannan haja kuwa ba abin da ya fi so kamar motar da warinta zai rufe warin buhunsa. Dokar namun daji ta Benin ta 2004 ta hana kamawa da fataucin dabbobin da gwamnati ta kare, ungulu kuma tana cikinsu. Ranar da ma'aikatan gandun daji ko 'yan duwan suka zaro irin wannan buhu daga tirela, mai buhun ya daɗe da sulalewa. Direba za a tsare, shanun Alhaji su wuni biyu a rana ba ruwa ba ciyawa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda bai ja ba shi zai jiƙe.

CARKI, BALBELA DA SHAMUWA

Carki ma ya yi wuyar gani. Da, da wuya ka ga garken Bunaji ba shi a doron wata saniya yana tsefe kunne da gindin wutsiya. Masana sun ce carki guda kan iya cin manyan kaska ƙosassu wajen 100 a wuni, ko ƙananan 'ya'yanta dubbai. Laifinsa ɗaya, in ya sami gyambo yakan tone shi don jini, har ya ɓata fata. Maganin wannan a wanke gyambon a shafa magani a rufe. Mun san abin da kaska take jawo mana: kirci, da zazzaɓi, da rama, da kirgin da majemi zai taya a wulaƙance. Daɗin daɗawa, tun 2004 da aka shigo da shanun Girolando daga Barazil zuwa gonar gwamnati ta Kpinnou a kudancin Benin, aka sami wata baƙuwar kaska mai saurin yaɗuwa wadda ba ta cika jin magani ba, ta kuma hauro arewa. Ganin haka waɗansu suka shiga dama maganin auduga da na ƙwarin gona suna yi wa shanu wanka da shi. Saniya ta sha wuya, kaska ta ƙara taurin kai, carkin da ya ci ta ya faɗi.

Afirka ta Kudu ta riga mu ganin wannan. Can annobar bushiya ta 1896 da wankan shanu da maganin arsenik suka shafe carki mai rawayan baki, irin namu, daga ƙasar gaba ɗaya. Sai a 1979 aka sake ganinsa a gandun dajin Kruger, bayan shekaru sama da 60. Yau manoman ƙasar suna zaɓen maganin kaskar da ba ya kashe shi, don sun gane ma'aikaci ne.

Balbela, ci da motsin wani, ita kam alhamdu lillahi tana nan da yawanta. Saniya ta taka, fara da ƙwari su tashi, ita ta cafe. Kuma a fatauci ta fi mu duka nisan zango: da fikafikanta ta ƙetare teku daga Afirka, aka gan ta a Amurka ta Kudu tun 1877, kafin 1960 tana haihuwa a Amurka ta Arewa, ba fasfo ba takardar allura.

Shamuwa kuwa kalandarmu ce. Tana yin rani a kudancin Afirka, ta taso gaban damina, ta ratsa saman Borgu ta nufi ƙasar Hausa inda take sheƙa a tsakiyar gari tana cin fara. Falken da ya ga shamuwa ta wuce ya san ruwa ya kusa, makiyaya za su juya arewa, shanun huɗa za su yi tsada. Ku lura da abu guda. Ba gwamnatin da ta kafa wa shamuwa doka a ƙauyukanmu, amma ba yaron da zai jefe ta, don tun yana ƙarami aka hore shi. Irin wannan katanga ta al'ada ita ce ungulu take bukata yau, kuma mu muke da bakin da za a ji a kara da kwata.

KALLON TSUNTSAYE BA AIKIN BANZA BA NE

A ƙasashen Turai mutane miliyoyi suna fita da madubin hangen nesa da ɗan littafi don kallon tsuntsaye kawai, abin da suka rubuta kuma shi masana suke tarawa su san wanda ya ƙaru da wanda ya ragu. Abin ya iso mu. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis wadda aka kafa a 2001 tare da jami'ar garin, tana horar da 'ya'yan Afirka ta Yamma. Tun 2015 kuma matasa 'yan sa kai suke zaga Nijeriya suna rubuta tsuntsayen kowane yanki ta wayar hannu. A Benin, Françoise Dowsett-Lemaire da Robert Dowsett sun fitar da littafin taswirar tsuntsayen Benin da Togo a 2019. Tsuntsayen Benin sun haura iri 500.

To, su waɗannan masana sukan zo su yi mako biyu su koma. Mu kuwa kowane mako muna hanya, shekara da shekaru, daga Gogunu zuwa Paraku, daga Nikki mu ƙetare Cikanda, daga Jugu mu leƙa Togo. Ba jami'ar da take da ma'aikata a kowace kwata daga Gaya zuwa Ikko kamar ƙungiyarmu. Ga ido kuma. Mutumin da zai hango bijimi daga nesa ya faɗi shekarunsa da nauyinsa, ya bambance Bunaji da Bokoloji, Rahaji da Keteku, wane tsuntsu ne zai gagare shi ganewa? Mu da muka zauna gaban malam mun san hankaka ne ya koya wa ɗan Adam binne gawa, hudahuda kuma ya kai wa Annabi Sulaimanu labari. Duban halittar Allah da natsuwa ba wasan yara ba ne. Kwanakin da mukan kashe a bakin iyaka muna jiran sa hannu, da a ƙarar da su a karta da gardamar siyasa, gara a ɗaga kai sama.

Wanda yake son ya fara, hanyar Paraku zuwa Jugu ta ishe shi makaranta, kilomita wajen 135 ce. A tashi bayan sallar asuba, lokacin ne tsuntsu yake fita kiwo. Da an wuce Turu, cikin gonaki masu kaɗanya da ɗorawa, ga tsanwaka shuɗiya bisa wayar lantarki, ga cilakowa tana tashi tana sauka kamar mai lilo, ga tsirya na ihu a saman itace. Inda aka ci karo da garke a duba ƙasa, za a ga carkin giwa baƙi mai doguwar wutsiya yana bin sawun shanu. A Beteru, inda gada ta haye kogin Weme, ya kamata a tsaya ko da minti 15 ne, don nan tsuntsayen ruwa da na kurmi suke haɗuwa. Gandun dajin Weme ta Sama yana nan kusa, wanda ƙungiyar BirdLife ta haɗa shi da na Wari-Maro da na duwatsun Kufe ta lissafa su cikin wurare 6 mafi muhimmanci ga tsuntsaye a ƙasar Benin. Da kaka in an saki wuta, shirwa kan bi hayaƙi tana kama fara a sama. A ƙonannen fili, in da rabo, sai a ga burtu yana takawa kamar basarake, wanda shi ma yau ganinsa sai an dace. Cikin tsattsewar da ke shawagi da rani kuwa akwai waɗanda daga Turai suka taso, suka ƙetare hamada. A Jugu ɗin kanta kurmin Kilir yana cikin gari, ragowar abin da gonakin doya da na yazawa da masu gawayi suka bari.

Gargaɗi a nan shi ne, tun 2019 gandayen Panjari da na W da ke can arewa suka shiga matsalar tsaro. Kada kowa ya ce zai je can kallo sai ya tambayi hukuma, kada kuma a fito da madubi ko a ɗauki hoto kusa da shingen soja ko na 'yan sanda.

ABIN DA KE HANNUNMU

Ga shawarwarin da muke gabatarwa, muna roƙon shugabannin rassa su karanta su a taro, a kuma fassara wa waɗanda suka fi jin Fulatanci ko Dandanci ko Barbanci.

Na farko, kada a sa wa mushe guba ko don wane dalili. Wanda kura ta dame shi ya gyara shinge, ya kai kuka wurin ma'aikatan gandun daji. In an tarar da matattun ungulu kewaye da mushe, kada a taɓa da hannu, a hana karnuka da yara zuwa, a sanar da hukuma, a ƙone ko a binne.

Na biyu, magani daga hannun malamin dabbobi. A tambaye shi sunan allurar kashe ciwon da zai yi, a kauce wa diclofenac. Dabbar da ta mutu ana cikin yi mata magani a binne ta. Maganin kaska kuma a yi amfani da wanda aka yi don shanu, bisa awonsa.

Na uku, kowane mai kaya ya ja kunnen direbansa da yaran mota: buhun da ba a kwance an gani ba, ba ya hawa motar shanu, ko nawa aka biya.

Na huɗu, mu zauna da sarakunan fawa na Paraku da Jugu, su hana kama ungulu a mayanka da kewayenta, su kuma ware mata gefe guda inda za a riƙa zuba abin da ba a sayarwa, maimakon a tura shi kwalbati.

Na biyar, manyan itatuwan da ke cikin kara da bakin burtali a bar su. Inuwa ce ga shanu da mu, gida ne gare ta. Kowane reshe ya dasa maɗaci ko ɗorawa 10 a daminar bana, a sa musu kariya daga awaki.

Na shida, a ajiye littafi guda a ofishin kowace kara. Ranar kasuwa, da hantsi, mutum ɗaya ya tsaya rabin sa'a ya rubuta kwanan wata, da ungulu nawa ya gani, da carki nawa a kan shanu nawa, da ranar da aka fara ganin shamuwa. Ko ba a ga komai ba a rubuta sifiri, don shi ma labari ne. Wanda ya ga sheƙar ungulu ya sanar da magatakarda shi kaɗai, kada ya yayata wurin. Wanda ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa ya kwafi lambar. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya, ranar sai mu haɗa lissafin rassa duka mu buga a wannan shafi, yadda muke buga farashi.

Duk cikin waɗannan ba wanda zai ci wa ƙungiya kuɗin da ya kai na ɗan maraƙi. Mu da ba ma barin kara sai mun ƙirga shanunmu sau biyu, bai kamata ma'aikacin da ya yi wa iyayenmu aiki ya ɓace ba wanda ya ƙirga shi ba. Hausawa sun ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. To, a bar mata tsamiyar, a ɗauke mata guba, sauran sai mu bar wa Allah.

Allah ya tsare mana dukiyarmu daga annoba, ya kai mu kasuwa lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a cikin nemanmu. Amin. Wassalam.